Nomau a Ƙasar Masu Gaɓa

Ranar da jinkar ɗakin Nomau ta tashi ta bar shi, ko ganye bai motsa ba a ƙauyen Kwarin Maje. Hantsi ne, sama wasai. Yana zaune a tsakar gida yana wasa fartanya sai ya ji shuu a bisa kansa. Ya ɗaga ido. Ciyawar jinkar ce take zare kanta, tsinke bayan tsinke, tana bi ta kan gida tana yin gabas kamar fara. Kafin ya miƙe, zanan da ya kewaye gidan ya kwance ɗaurinsa, ya nannaɗe kansa, ya gangara ya bi ta. Tsintsiya ta fizge daga hannun matarsa Kuluwa. Gadon karan da yara suke kwana a kai ya wargaje, karare suka fice ta ƙofa a jere.

Kuluwa ta tsaya hannu wayam. Ta ce, "Malam, me ka yi?"

"Ba abin da na yi."

"Gidan kowa yana nan da rufinsa. Namu ne kawai ya yi ƙafa."

"Kawo mini abinci, ki rufe mini baki."

Ta kawo ɗumamen tuwon dawa. Lomar farko ta zama yashi a bakinsa. Ya tofar, ya kurɓi fura, ita ma yashi. Aka sayo rake, ya tauna, sai ka ce ɓawon itace. Wake ne kawai da gyaɗa da rogo suka yarda suka wuce maƙogwaronsa.

Nomau ya san abin da ya yi.

Shekara guda kafin ubansu ya rasu, ya raba gonarsa biyu tsakanin Nomau da wansa Korau. Bai kira alƙali ba, bai kafa dutse ba. Gamba ya dasa, tushe arba'in a jere, kamar yadda mutanen garin suke yin iyaka tun kakanni. Gamba ba ta tafiya, ba ta ƙarya, kuma in kaka ta yi masu iyakar biyu su yanke ta su raba, kowa ya yi zana. Amma Nomau kullum gani yake an cuce shi, don gefen Korau ne ya fi riƙe ruwa. Shekara shida abin yana cin sa. Da bazarar bana, ranar kasuwa, da ya tabbata Korau ya tafi sayar da akuya, sai ya ɗauki diga ya tone gambar tushe bayan tushe, har saiwa. Ya tara ya cinna wuta. Da ruwa ya sauka ya shiga kunya uku cikin gonar wansa ya shuka geronsa.

An yi zage-zage, an yi rantse-rantse. Babu gamba, babu shaida.

Gero ya tashi kore shar a gonakin biyu. Ya yi tsawo, ya yi ciki, sai ya tsaya. Na maƙwabta ya fitar da kai, ya yi bununi, ya fara ƙwaya. Na Nomau da na Korau ciki a kumbure, kai ya ƙi fita. Ga damina tana naɗe tabarma, tsofaffi sun ce ruwa ɗaya ya rage. In geron bai fito ba kafin wannan ruwan, rumbun gida biyu zai shekara babu komai.

Nomau ya saɓa fartanya ya tafi gona. Yana sa ƙafa, gero duka ya kwanta baya, ya kauce masa kamar mai kuturta. Ya kutsa har tsohuwar iyaka. A ramin tushe na arba'in wani kara ya tsiro, kaurinsa ya kai bakin rijiya, an yanke kansa, cikinsa rami ne kore wanda ba a ganin ƙarshensa.

Wata murya ta fito daga ciki: "Ka shigo da ƙafarka, ko a shigo da kai."

Ya juya zai gudu. Ganyen gero suka taso masa ta ko'ina, suna yankar fuska da hannu kamar aska, suna tura shi baya, baya, har ya faɗa.

Ya daɗe yana faɗuwa. Daga baya ya bugu da wani daɓe mai tauri wanda ya toshe ramin daga bango zuwa bango. Bai gama tashi ba ya ji an damƙe masa ƙafar wando. Wata tsohuwa ce 'yar ƙil, ba ta kai gwiwarsa ba, jikinta duk ƙaya.

Ta ce, "Ya kai mai diga, ka iso gaɓar farko. Ni ce Ƙarangiya, mai tsaron ƙofa. Kullum in na kama maka wando sai ka zagi uwata. To ka sani, ni da Geron da kake ci ɗaki ɗaya muka fito."

"Ƙarya kike yi. Ke ƙaya ce."

"Kai kuma jaki ne mai hula. Nan Ƙasar Masu Gaɓa ce. Kakanmu ɗaya, ɗakuna ne daban. Ɗakinmu ni da Gero da Kyasuwa. Ɗakin Dawa, su Masara da Tofa da Gambar da ka ƙone. Shinkafa tana da nata a cikin ruwa, Alkama a ƙasar sanyi. Ka taɓa ɗaya, ka taɓa mu duka. Ana jiran ka a ƙasa. Amma ba ka wucewa sai ka yi mini tsaron ƙofa. Baƙi uku za su zo. Ɗan gida ka buɗe masa, bare ka kore shi. In ka kuskure, jikinka ne zai biya."

Nomau ya ce, "Da me ake gane ɗan gida?"

"Shekara talatin kana taka mu ba ka taɓa sunkuyawa ka duba ba? Kara mai gaɓa. Ganye mai rungume kara kamar riga kafin ya miƙa harshe. Jijiyar ganye a miƙe, a jere, ba ta yin rassa. Na faɗa sau ɗaya, ba na ƙarawa."

Baƙuwar farko siririya ce, koriya, ganyenta dogaye, murya kamar zuma. Ta ce, "Buɗe mini, bawan Allah. Ai ka ga ni 'yar gida ce. Wa zai dube ni ya ce ba ciyawa ba?"

Nomau ya kai hannu ga ƙofa, sai ya tsaya. Ya kama karanta ya murza tsakanin yatsu biyu. Karan ya ƙi juyawa, kusurwa uku gare shi. Ya shafa daga ƙasa har sama, babu gaɓa ko ɗaya.

Ya ce, "Na san ki. Ke ce Aya. Koma."

Zumar ta ƙare nan take. "Allah ya tsine wa yatsunka! Zan cika maka gona har ka rasa inda za ka tsuguna." Ta nutse.

Na biyu ƙato ne mai teɓa, gumi mai zaƙi yana tsatso masa. Bai ko gaishe shi ba. Nomau ya ƙwanƙwasa cikinsa, ya ji a toshe, babu rami irin na karan da ya faɗo ta ciki. Amma ga gaɓa nan reras, ga ganye ya rungume kara. Ya buɗe.

Ƙarangiya ta yi tsaki. "Ka ci sa'a. Rake ne. Wasunmu cikinsu rami, wasu toshe, gaɓa dai ba ta ɓuya."

Sai daɓe ya girgiza. Na uku ya taho, kansa ya ɓace a sama, jikinsa tauri kamar ƙarfe, rassa ta ko'ina. Nomau ya ci biyu, kai ya fara kumbura. Ko dubawa bai yi ba.

Ya ce, "Wannan ai yaro ma ya san shi. Gora ne. Itace ne, da shi ake sanda da tsani. Koma daji wurin 'yan'uwanka."

Gora ya sunkuyo a hankali, yana ƙara, har jikinsa ya zo daidai idon Nomau. Gaɓa. Gaɓa. Gaɓa.

Ya ce, "Ya kai ɗan Adam, ni ne babban wa a gidan nan. Girmana ne ya rufe maka ido. Kai duk abin da ya fi ka tsawo ba ka iya dubansa, duk abin da bai kai ka ba ba ka sunkuya masa."

Ya ɗora ƙarshen jikinsa a kan ƙafar Nomau ta hagu. Sanyi ya ratsa ta. Da Nomau ya duba, yatsu sun haɗe, daga tafin ƙafa zuwa ƙwauri ya zama kara kore, ga gaɓa guda a idon sawu.

Ƙarangiya ta yi dariya har ƙayarta tana zuba. "Barka da shigowa dangi!" Ta buga daɓe, ya tsage, ya sake faɗawa.

Wannan karon a fili ya sauka, fili marar iyaka, ciyayi iri-iri sun fitar da kai, iska tana kaɗa su. Ƙura rawaya ta cika sama. A cikin ƙurar ya ga siffar wata doguwar mace marar fuska, tana haɗuwa tana watsewa.

Ta ce, "Ka iso gaɓa ta biyu, kuma ka iso ranar biki. Ni ce Iska, 'yar aiken gidan nan."

"Wane irin biki ne babu kiɗa babu ƙamshi?"

"Ƙamshi da launi na su kabewa ne, masu sayen ƙudan zuma da kwalliya don ya kai musu saƙo. Mutanen nan furensu ba ya ado, ba ya kiran kowa. Ni kaɗai nake ɗaukar bununi daga wannan kai zuwa wancan. In ban kai ba, babu ƙwaya. Yau kai za ka yi aikina."

Wata ƙwarya ta sauko hannunsa cike da garin bununi, rawaya kamar gwaiduwa.

"Ka kai wa amare rabonsu. Ƙofa tana can ƙarshen fili."

Nomau ya ji iska ta fara lasar bakin ƙwaryar. Nan da nan ya cire hula ya rufe, ya tura cikin riga, ya rungume da hannu biyu. Abin da aka danƙa masa, ba mai taɓawa. Ya kama hanya yana ɗingishi. Iska ta taso masa ta gaba, ta kayar da shi, ya tashi. Ta taso ta baya, ta yaga masa riga, ya ƙara ƙanƙamewa. Duk zangarniyar da ya wuce sai ta miƙo wasu 'yan gasu farare masu laushi, suna rawa wajen ƙirjinsa. Ya dinga make su da gwiwar hannu.

"Ɓarayi! Ba naku ba ne!"

Tofa ta tsaga masa tafin ƙafar dama. Ya ratsa wani kwari inda ciyawa ta fi raƙumi tsawo, ya fita jini ya jiƙe masa kafaɗa. Da ƙyar ya kai ƙofa. Ya durƙusa ya cire hular yana haki.

Ya ce, "Ga shi. Ko ƙwaya ba ta zuba ba."

Bununin ya dunƙule da gumi, ya yi baƙi, ya mutu.

Iska ta tsaya cak, fili duka ya tsaya da ita. "Ina amaren da ka kai wa?"

"Ba a nan suke ba?"

"Su ne ka wuce kana duka. Bununi ba ya kwana, ba ya ma yini. Watsa shi ake yi, dubu su ɓace, ɗaya ya isa. Da ka buɗe ƙwaryar ka ɗaga sama, da na gama maka aikin kafin ka yi taku goma. Amma hannunka bai san buɗewa ba."

Ta hura masa a ƙafa. Karan ya haura har gwiwa, gaɓa ta biyu ta fito, ganye ya tsiro ya rungume ƙwauri. Ƙofa ta buɗe ta haɗiye shi.

Ƙasa ta ƙarshe babu sama. Saiwoyi ne suka sauko daga bisa, sirara kamar zare, dubbai kan dubbai, sun saƙe da juna sun riƙe ƙasa kamar taru. Babu uwar saiwa guda mai kauri irin ta tsamiya, kowace tana riƙe da nata ɗan rabon. A tsakiya wani tsoho yana zaune, gemunsa saiwa ne har ƙasa. A gabansa kututture arba'in a jere, baƙi ƙirin, hayaƙi yana tashi daga kansu har yanzu.

Tsohon ya ce, "Ni ne Gamba, uban waɗannan. Ya kai Nomau ɗan Bagudu, ka san su?"

Nomau ya kau da kai. "Ciyawa ce. Kowa yana yankan ku. Shanu suna cin ku, mafarauta suna sa muku wuta. Don me sai ni?"

Gamba ya ce, "A kira shaidu."

Wata saniya ta fito daga cikin saiwoyi, bayanta lauje yana tafe da kansa, bayansa wuta.

Saniya ta ce, "Tun farkon duniya nake cin su. In ci yau, in dawo bayan kwana goma in tarar sun tashi."

Lauje ya ce, "Taƙi ɗaya nake bari daga ƙasa. Ban taɓa kashe ko ɗaya ba."

Wuta ta ce, "Kansu nake lashewa. Gindi ya fi ƙarfina. Sai da wannan ya tono mini su ya miƙo."

Gamba ya ce, "Ka ji? Itace a kai yake tohowa, in an sare kan ya daɗe yana jinya. Mu daga gindi muke turo kanmu, ranmu yana nan daf da ƙasa, inda haƙori ba ya kai. Shi ya sa ba mu taɓa kai ƙarar mai ci ba, ko mai yanka. Ubanka ya dasa 'ya'yana su tsaya tsakanin 'ya'yansa, su kuma riƙe masa ƙasa kada ruwa ya tafi da ita. Shekara shida kuna yankan su kuna rufe tsiraicin gidajenku. Sannan ka zo da diga."

Nomau ya ce, "To ni na yi. Geron fa me ya haɗa shi? Ni na shuka shi, ni na nome shi. Nawa ne."

Wani nishi ya taso daga gefe. Gero ne da kansa, dogo kore, ciki a kumbure, ya dafa bango yana gumi.

Ya ce, "Naka? Ni riƙo aka kai ni gidanku. Ɗan'uwana Shibra yana daji, in 'ya'yansa sun nuna da kansa yake zubar da su. Ni kakanninku suka zaɓe ni suka zaɓe ni har na manta yadda ake yi, sai hannunku ya sussuka ni. In ban fito bana ba, irina ya ƙare a gonarku, ni ma na mutu. Ka ga wannan cikin? Kamar wuta yake. Amma ba zan haihu a gonar da aka ƙone dangina ba, ko ta wa ce. Babu iyaka, gona ɗaya ce a wurina."

Nomau ya tuna rumbu, ya tuna yara uku a gidan da babu rufi. Muryarsa ta sauko. "A ba ni tushe ɗaya in mayar."

"Babu wanda ya rayu," in ji Gamba. "Abin da za ka dasa yana jikinka. Gaɓa in ta zauna a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa saiwa take yi. Inda ƙafar nan ta tsaya ta kafu, nan ce iyaka, kuma babu digar da za ta sake tayar da ita. In ta kafu, a yanke ka da lauje, taƙi ɗaya daga ƙasa. In aka tumɓuke ka, kai da ita kun tafi."

"Wa zai yanke ni?"

"Wanda kuke da iyakar tare."

"In na kafu, gero zai fito?"

"Gero yana da ido."

Saiwoyi suka nannaɗe shi, suka ja shi sama ta cikin ƙasa, suka tofar da shi a gindin tsamiyar da ke can ƙarshen gonar Korau.

La'asar ce. Hadari ya haɗu baƙi a gabas, yayyafi ya riga ya jiƙa ƙasa. Nomau ya miƙe, nan take ya ji ƙasan karan yana tsotson laima. Ya ɗaga ƙafar da sauri. Ya kama tafiya, tsalle da ɗingishi, ba ya barin ta ta daɗe a ƙasa. Ya ratsa gonar wansa har ya iso kunya ukun da ya ci. Can gaba ga ramukan gamba, ciyawa ba ta tsiro a cikinsu ba.

Ya ƙetare kunya ta farko. Ya ƙetare ta biyu. A kan ta uku, taku ɗaya kafin ramukan, sai ƙafarsa ta yi nauyi.

Kunya ɗaya ce fa. Ba uku ba. Ƙasar nan baƙa ce, ta fi riƙe ruwa. Ya bar biyu, ya ba da ƙafa, kunya ɗaya ma ba za a bar masa ba? Tsohon da bakinsa ya ce babu mai sake tayar da ita. Ya tsaya. Ya ji wasu 'yan zare suna fita daga idon sawunsa, suna lalubar ƙasa.

Ya dubi gero. Duk gonar ta juya masa baya, har kan kara yana taɓa ƙasa.

"Kai ɓarawon gona!"

Korau ne ya ɓullo daga cikin gero, lauje a hannu, ciyawar akuya a kafaɗa. Ya yar da ciyawar.

"Yau kuma me kake binnewa a gonata? Uku ba su ishe ka ba?"

"Yaya, tsaya ka ji..."

"Yau ni ne Yaya? Ranar da ka rantse a gaban mutane ba ka san gamba ba, wa nake? Gerona ya ƙi fita saboda baƙin hannunka. 'Ya'yana za su ci ƙasa bana. Fita!"

Nomau ya ja ƙafar, ta ƙi. Ya sake ja, zaren suka fara tsinkewa, zafi ya harbe shi har ƙwaƙwalwa. Korau bai jira ba. Ya sa kafaɗa ya bangaje shi da dukan ƙarfin damina guda na fushi. Zaren suka tsinke gaba ɗaya. Nomau ya yi baya taga-taga, ya wuce ramukan gamba, ya wuce kunya ɗaya, ya wuce ta biyu cikin gonarsa ta gado, sannan ya dafe ƙasa da ƙafar hagu don kada ya faɗi.

Ruwa ya kece.

Kafin ya ɗaga, ta kafu. Ya ji saiwa tana gudu cikin ƙasa ta ko'ina, sirara, da yawa, suna kama yashi. Ya ja, kamar ya ja duniya.

Korau ya matso, ya ga karan, ya ga ganye. Ya ja da baya yana salati. Daga nan ya yar da laujen, ya kama Nomau ta ƙugu zai fizge shi.

"Kada ka ja! In ka tumɓuke ni na mutu, geronka ma ya mutu. Ɗauki lauje. Taƙi ɗaya daga ƙasa, yadda Baba yake yi."

Korau ya tsaya, ruwa yana zuba daga gemunsa. Ya dubi ramukan a bayansa, ya dubi inda ƙanensa ya kafu. Ya ƙirga da ido.

"Wa ya tone gambar?"

"Ni."

"Ban ji ba, ruwa ake yi."

"Ni na tone! Ni na ƙone!"

"Ina iyaka yanzu?"

Nomau ya dubi kunya biyun da ke tsakaninsa da ramukan. Ƙasar ubansa, wadda ba wanda ya taɓa yi masa gardama a kai. Ya rufe ido.

"Nan. Inda nake tsaye."

"Ban roƙa ba," in ji Korau. "Kuma ba zan mayar ba."

Ya durƙusa, ya auna taƙi da hannu, ya sa lauje. Sara ɗaya.

Nomau ya faɗi cikin taɓo. Babu jini, wani ruwa kore ne ya ɗiga ya tsaya. Daga kututturen toho ya ɓullo, ya ruga hagu da dama a bisa kunyar, yana tsayawa yana tushe, yana tsayawa yana tushe, har arba'in. Gero ya miƙe a hankali. Sai aka ji fat a kusa, fat a nesa, sannan gonakin biyu suka ɗauka gaba ɗaya, zangarniya tana fasa ciki tana fitowa cikin ruwa.

Korau ya goya shi har ƙofar gida, ya sauke shi kamar buhu a gaban Kuluwa.

Ya ce, "Ba don shi na yi ba. Don gerona." Ya juya.

Kwana bakwai ragowar karan ya bushe ya faɗi daga gwiwa. Tuwo ya koma tuwo a bakinsa. Jinka ba ta dawo ba, sai da ya roƙi ciyawa a gari. Ran na takwas aka tarar da sandar gora a jingine a ƙofarsa, an yanke ta daidai hammatarsa, ba wanda ya ga mai kawowa. Ya ƙi taɓa ta yini guda. Daga baya ya ɗauka, don babu wata hanyar zuwa gona.

Har yau gambar tana nan, kunya biyu cikin abin da dā nasa ne. In kaka ta yi su biyun suna zuwa da lauje, Korau ta can, Nomau ta nan, ba mai gaida wani. Tushe na tsakiya kuwa, inda ƙafar ta kafu, Korau ba ya taɓa shi. Nomau ne yake jingine sandar, ya zauna a ƙasa, ya auna taƙi ɗaya, ya cije leɓe tun kafin laujen ya sauka.